Man Kifi Da Yara Marasa Natsuwa: Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Da wuya a shiga makarantar firamare a rasa yaro ɗaya ko biyu waɗanda malamai suka sallama, iyaye kuma suka gaji da su. Shi ne yaron nan da ba ya iya zama a kan benci na minti biyar, ana karatu hankalinsa yana waje, a ba shi aiki ya fara, bai gama ba ya kama wani, kullum ya yar da fensir ko littafi, ya kuma amsa tambaya tun ba a ƙare yinta ba. A gida a ce masa mai ƙiriniya, a makaranta a ce masa daƙiƙi ko mai kunnen ƙashi, alhali kuwa sau da yawa kansa yana ja, natsuwar ce ta gagare shi. Likitoci sun daɗe da sanin cewa wasu daga cikin irin waɗannan yara larura ce ke damunsu, watau larurar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya, wadda suke taƙaita sunanta da ADHD. To, akwai wata magana da ta taso daga Ingila ta bazu cikin duniya, wai ƙarancin wani irin maiƙo a jiki shi ne ke haddasa wannan larura, kafson man kifi kuwa shi ne maganinta. Tun da yake irin wannan kafso ya cika kantunan magani na manyan garuruwan ƙasar nan, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne, ya kamata a auna maganar da ma'aunin gaskiya kafin ma'aikaci ya kashe albashinsa a kai.

Da farko dai, shi maiƙon da ake magana a kansa gaskiya ne akwai shi, kuma jiki ba ya wadatuwa sai da shi. A cikin 1929 ne wani masani mai suna George Burr, tare da matarsa Mildred, suka yi wani gwaji a Jami'ar Minisota ta Amurka, inda suka riƙa ciyar da ɓeraye da abincin da aka raba shi da maiƙo ƙarƙaf. Ba a daɗe ba ɓerayen suka daina girma, fatarsu ta bushe tana ɓamɓarewa, wutsiyarsu ta lalace, ƙodarsu ta taɓu, suka kuma riƙa shan ruwa fiye da ƙima. Da aka ɗiga musu ɗan kitse a abinci sai suka farfaɗo. Kafin wannan lokaci masana sun ɗauka cewa maiƙo makamashi ne kurum, wanda jiki zai iya haɗa wa kansa daga hatsi. Aikin Burr da matarsa ya nuna cewa akwai wasu irin maiƙo waɗanda jiki ba ya iya ƙera su, dole sai an ci su a abinci. Saboda haka ne ake kiransu maiƙon dole.

Maiƙon dole gida biyu ne. Akwai gidan omega-6, wanda ake samu da yawa a man gyaɗa da riɗi da masara. Akwai kuma gidan omega-3, wanda ake samun tushensa a waken soya da wasu 'ya'yan itatuwa da ganyaye. Daga wannan tushe ne jiki yake sarrafa wasu maiƙo biyu da ake kira EPA da DHA, amma abin da yake iya sarrafawa ɗan kaɗan ne, shi ya sa hanya mafi sauƙi ta samunsu ita ce cin kifi, musamman kifin teku mai maiƙo. Shi DHA yana taruwa ƙwarai a cikin ƙwaƙwalwa da kuma tantanin da ke can cikin ido, kuma lokacin da ya fi taruwa shi ne watanni uku na ƙarshen ciki da shekaru biyu na farkon rayuwa. Nonon uwa yana ɗauke da shi. Shi kuwa ainihin ciwon rashin maiƙon dole, mai fito da alamu a fata da hana girma, ba kasafai akan gan shi ba sai ga jariran da aka shayar da madarar da aka cire wa mai, da masu ciwon hanjin da ke hana jiki tsotsar maiƙo, da masu tamowa mai tsanani, da kuma majinyatan da aka daɗe ana ciyar da su ta jijiya ba tare da maiƙo ba, kamar yadda aka gani a asibitocin Turai da Amurka wajen shekarun 1970.

Ita ma larurar rashin natsuwa ba sabuwar aba ba ce. Tun cikin 1902 wani likitan yara na Ingila, George Still, ya yi laccoci a Landan inda ya siffanta yaran da ba su iya riƙe hankalinsu ko kame kansu, ko da yake basirarsu lafiya lau take. A cikin 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa wa larurar sunan rashin mai da hankali, a 1987 kuma aka gyara sunan ya haɗa da ƙiriniya. Wani babban lissafi da aka buga a 2007, wanda ya tattara bincike daga sassan duniya, ya nuna cewa wajen yara 5 daga cikin 100 ne ke da ita, watau ke nan ajin da ke da yara 60 ba zai rasa kamar uku ba. Bugu da ƙari, binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna cewa gado shi ne ke da babban rabo, don kuwa fiye da kashi 70 daga cikin 100 na bambancin da ke tsakanin yara a kan wannan hali daga gado yake. Haihuwar bakwaini da gubar dalma su ma suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin samunta.

To, ina aka samo maganar haɗa waɗannan abubuwa biyu? A cikin 1981 ne wasu mata biyu, Irene Colquhoun da Sally Bunday, na wata ƙungiyar taimakon iyayen yara masu ƙiriniya a Ingila, suka buga wata maƙala inda suka ce sun lura yaran 'yan ƙungiyarsu da yawa suna da yawan ƙishirwa da bushewar fata da fuka, kuma waɗannan alamu sun yi kama da na rashin maiƙon dole. Zato ne suka gabatar, kuma zato mai ma'ana. A cikin 1995 masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, cikinsu har da Laura Stevens da John Burgess, suka auna jinin yara maza 53 masu larurar, suka gwama da na yara 43 marasa ita. Suka tarar cewa masu larurar, a jimlace, suna da ƙarancin EPA da DHA a jini, kuma 21 daga cikinsu suna da alamu masu yawa irin su ƙishirwa da yawan fitsari da bushewar fata da gashi. Binciken da aka yi daga baya a wasu ƙasashe ya sake samun wannan bambanci na jini.

A nan ne ɗalibin ilmi ya kamata ya buɗe ido, domin ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Belbela tana bin shanu, amma ba ita ce ta kawo su makiyaya ba. Yana yiwuwa ƙarancin maiƙon ne ke ƙara rashin natsuwa. Yana yiwuwa kuma yaron da ba ya iya zama ya ci abinci a natse, mai zaɓen abin da zai ci, shi ne ke ƙarewa da ƙarancin maiƙon. Har ila yau yana yiwuwa wani abu na uku, kamar gado ko talauci, shi ne ya kawo duka biyun. Hanyar raba gardama ita ce gwaji na adalci. A tara yara masu larurar, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba gida ɗaya kafson man kifi, ɗaya gidan kuma a ba shi kafso mai kama da shi wanda babu man kifi a ciki, a kuma ɓoye wa iyaye da malamai da masu awo ko wane ne ya sha wanne har sai an gama. Dalilin ɓoyewar shi ne, uwar da ta san an ba ɗanta magani mai tsada takan ga sauƙi ko da babu shi.

An yi irin wannan gwaji ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A cikin 2001 wani likita mai suna Robert Voigt da abokan aikinsa a Amurka suka gwada yara 63, aka riƙa ba rabinsu miligiram 345 na DHA kowace rana har wata huɗu. Maiƙon ya ƙaru a jininsu sosai, amma halinsu bai sake ba. A cikin 2005 kuwa Alexandra Richardson da Paul Montgomery na Jami'ar Okisfod suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa yara 117 a gundumar Durham ta arewacin Ingila, inda suka ga ci gaba a karatu da rubutu da kuma hali bayan wata uku. Sai dai waɗannan yara an zaɓe su ne saboda wata larura dabam, ta rashin daidaiton motsin gaɓoɓi, kuma a kan ita wannan larurar ba a ga wani canji ba. Duk da haka jaridun Ingila suka ɗauki labarin suka yayata, kasuwar man kifi ta buɗe.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin da ya kamata kowane ma'aikacin gwamnati ya riƙe. A cikin 2006 majalisar gundumar Durham ta ba da sanarwar cewa za ta raba wa dubban ɗaliban da ke shirin jarrabawar ƙarshen sakandare kafson man kifi, wanda wani kamfani mai suna Equazen ya bayar kyauta, don a ga ko sakamakonsu zai inganta. Aka buga labarin a jaridu da rediyo da talabijin a matsayin gwaji. Amma ba a ware wani rukuni da za a ba kafson wofi ba, balle a yi ƙuri'a, saboda haka tun daga ranar farko babu yadda za a yi a san ko man kifin ya yi wani aiki. Wani likita mai rubutu a jaridar Guardian, Ben Goldacre, ya yi ta tambayar majalisar yadda za ta auna abin. Daga bisani majalisar ta ce ita ba ta taɓa nufin yanke hukunci a kan amfanin man kifi da wannan shiri ba. Wajen ɗalibai 3,000 ne suka fara shan kafson, waɗanda suka jure har ƙarshe kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ilmi bai ƙaru da kome ba, amma kamfani ya sami tallar da kuɗi ba su iya saye, don kuwa da sunan hukuma aka yi ta.

Da gwaje-gwaje suka yi yawa sai masana suka shiga tattara su wuri ɗaya. A cikin 2011 Michael Bloch da Ahmad Qawasmi na Jami'ar Yale suka haɗa gwaji 10 da suka ƙunshi yara 699, suka ce akwai ɗan amfani, musamman inda EPA ya yi yawa a kafson, amma amfanin bai kai rabin na magungunan da likitoci suka saba bayarwa ba. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta ke nan tace sakamakon gwaje-gwajen magani, ta duba gwaji 13 a 2012 ta ce hujjar ba ta taka kara ta karya ba. A 2023 ta sake dubawa, wannan karo gwaji 37 da suka ƙunshi yara da matasa fiye da 2,300, ta kuma sami tabbaci mai ƙarfi cewa kafson bai rage alamun larurar ba bisa ga awon da iyaye suka yi. Tun kafin nan, a ƙa'idojinta na 2018, hukumar NICE mai tsara hanyoyin jiyya a Ingila ta umarci likitoci kada su ba da kafson maiƙo ko su yi shawarar shansa a matsayin maganin wannan larura ga yara, ko da yake ta ƙarfafa muhimmancin abinci mai gina jiki da motsa jiki.

Adalci ne a faɗi hujjar masu goyon bayan man kifi, domin suna da ita. A cikin 2019 masana na Kwalejin King's ta Landan da wata jami'ar koyon aikin likita ta Taiwan suka gwada yara 92, aka ba wasunsu EPA mai yawa har mako 12. Yaran da tun farko suke da ƙarancin EPA a jini sun ƙara mai da hankali, amma waɗanda jininsu ke da isasshe ba su ƙaru ba, a wani fannin ma, na gaggawar aikata abu ba tunani, baya suka ci. Ma'anar wannan a fili take. Ruwa yana raya shukar da ke jin ƙishi, wadda ta ƙoshi kuwa ƙarin ruwa ba ya sa ta yi 'ya'ya biyu. Inda akwai rashi, cike shi yana da amfani, amma wannan bai mai da man kifi maganin kowane yaro mai ƙiriniya ba, kuma gwaji ɗaya na yara 92 bai isa a gina manufar ƙasa a kansa ba.

Wani zai ce, to mene ne laifin gwadawa, tun da man kifi ba guba ba ne? Laifin farko shi ne kuɗi, domin abin da magidanci zai kashe a kan kwalba ɗaya zai iya sayo kifi da wake da ƙwai da dukan gidan za su ci. Na biyu, ba kowane man kifi ne ɗaya ba. Wanda ake tatsa daga hantar kifi yana da bitamin A mai yawa, wanda in ya taru a jikin yaro yakan yi illa, saboda haka ninka awo don neman saurin sakamako haɗari ne. Na uku, wanda ya fi su duka, shi ne lokaci. Yaron da aka shekara biyu ana ba shi kafso ana jiran ya natsu, shekara biyu ke nan ta karatu ta wuce shi, ga bulala, ga gorin 'yan aji, har ya kai ga yarda cewa shi ba zai taɓa iya kome ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Alhali kuwa akwai hanyoyin da aka gwada aka tabbatar: koya wa iyaye dabarun tafiyar da irin wannan yaro, gyara masa zama da aiki a aji, da kuma magunguna irin su Ritalin, waɗanda ƙwararren likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta su, ya kuma riƙa bin sawun yaron.

A nan Nijeriya akwai ƙarin dalilin yin hattara, domin ba kowane yaro marar natsuwa ne ke da wannan larura ba. Yaron da ya zo makaranta bai karya kumallo ba ba zai natsu ba. Haka nan mai ƙarancin jini saboda zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki, da wanda ba ya ganin allo sosai, da wanda kunnensa ke zubar da ruwa ba ya jin malami, da wanda ba ya samun isasshen barci saboda talla. Ba a kuma manta da abin da ya auku a Jihar Zamfara cikin 2010 ba, inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, ita kuwa dalma sananniya ce wajen raunana hankali da natsuwar yaran da suka tsira. Duk wanda ya ba irin waɗannan yara kafson man kifi ya koma ya kwanta, ya bar jaki ne yana dukan taiki. Abin da suke bukata shi ne a duba su a asibiti a gano ainihin abin da ke damunsu.

Game da shi maiƙon dole kuwa, tukunya ta fi kwalba. Uwa mai ciki da mai shayarwa su riƙa samun kifi a abincinsu, a kuma shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shawara. Girkin da ya dogara ga man gyaɗa kaɗai yana ba da omega-6 a wadace, amma omega-3 ɗinsa bai taka kara ya karya ba, saboda haka akwai bukatar a haɗa da waken soya, ko awara ko a kunu, da kifi gwargwadon hali. Kifin ƙanƙara irin su titus da sadin sun fi maiƙon, amma na kogi da na tafki, ɗanye ko banda, shi ma yana da rabonsa. Wannan abinci haƙƙin kowane yaro ne, mai ƙiriniya da mai sanyin hali, kuma amfaninsa ga girma da lafiya ba ya jiran sakamakon wata gardama ta masana.

Sauran aiki yana wuyan hukumomi. Hukumar NAFDAC, wadda doka ta ba ta ikon tace tallar magunguna da abinci, lalle ne ta sa ido a kan masu tallar kafso da alkawarin ƙara basira ko kawar da ƙiriniya, jama'a kuma su sani cewa lambar rajista a jikin kwalba ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da wannan larura. Ma'aikatun ilmi na jihohi su tabbata cewa kwalejojin horon malamai suna koyar da yadda ake gane irin wannan yaro da yadda ake tafiyar da shi: a zaunar da shi gaba kusa da malami, a gutsuttsura masa aiki, a ba shi uzurin motsawa ta hanyar aike ko share allo, a yaba masa nan take in ya yi daidai. A kuma shimfiɗa hanyar tura yara daga makaranta zuwa asibiti, tun daga ƙaramin asibitin unguwa har zuwa asibitocin koyarwa da na ƙwaƙwalwa irin na Kaduna da Kware da Maiduguri. Kuma duk ranar da wani kamfani ya zo ofis da kyautar kafso don a raba wa ɗalibai, babban sakatare ya tuna da Durham, ya tambaya: wa zai auna sakamakon, da me za a gwama shi, kuma za a buga shi ko da bai yi wa kamfanin daɗi ba? In babu amsa, a mai da masa kyautarsa.

Zaton da matan nan biyu suka gabatar a 1981 bai zama abin kunya ba, don ya sa an yi bincike, binciken kuma ya ba da amsa gwargwadon iyawarsa: ƙarancin maiƙon dole yana tafiya tare da rashin natsuwa a wasu yara, cike shi yakan ɗan taimaki mai rashin, amma ba shi ne tushen larurar ba, ba kuma shi ne maganinta ba. Abin kunya shi ne a ci gaba da sayar wa iyaye zaton bayan amsa ta fito. Yaron da ke bayan aji yana wutsil-wutsil bai san da wannan gardama ba. Abin da yake jira shi ne abinci mai kyau a gida, malamin da ya fahimce shi, da likitan da zai duba shi tun kafin ƙiriniyar ta kore shi daga makaranta.